Anko Ya Kori Gwaggo Daga Hoto

Jama'a, ni dai wannan ɗabi'a ta ankon hoton iyali ta kai mini iya wuya. Daga Boɗinga har Shagari, da an ce Sallah ko biki, sai a fitar da atamfar Holan ko shadda Getzner, a ce kowa ya ɗinka kafin ranar hoto. To, maras hali fa? Ko ya ci bashi, ko ya laɓe a ɗaki har mai hoto ya tafi. Haka ake share gwaggo da zawarawa da marayun gida, wai kayansu za su ɓata tsari.

Masu kare abin suna cewa anko alamar haɗin kai ce. Wane irin haɗin kai ne wanda sai mai kuɗi? Wajen Yarbawa fa muka aro shi, muka mai da shi kamar farilla.

Ku dubi marigayi Alhaji Shehu Shagari, shugaban ƙasa daga 1979 zuwa 1983. Da doguwar hularsa ake gane shi a kowane hoto, har aka laƙaba wa hular sunansa. Da anko ya riƙa yi da ministocinsa, wa zai tuna ta?

Hoto shaida ne na waɗanda Allah Ya bari a raye a gida a wannan shekara. In jikoki suka ɗauko shi wata rana, fuskar kaka za su nema. Kowa ya wanke nasa, ya goge, ya fito. Maigida, wuƙa da nama suna hannunka: bana ka aika a kira gwaggo, a ba ta kujerar tsakiya.