Zaman jinya: ajiye waya, ka ɗauki zare

Duk wanda ya taɓa raka mara lafiya wankin ƙoda ya san yadda awa huɗu ke komawa kamar yini guda. Sau biyu a mako nake raka Ummanmu, Litinin da Alhamis, tun farkon shigata aji uku a jami'a. Ita tana kwance, jininta na bi ta cikin na'ura yana dawowa, ni kuma ina gefe a kan kujera, ba abin da zan iya yi mata sai sannu.

A makonnin farko waya ce abokiyar zamana. Daga TikTok in faɗa WhatsApp, daga nan in koma Google ina binciken abin da bai kamata in bincika ba: wai shekara nawa mai wankin ƙoda yake yi a duniya? In koma gida barci ya gagare ni. Wata rana Umma ta kira sunana har sau uku ban ji ba. Da na ɗago, cewa kawai ta yi, "Bari, ci gaba da abinki." Wallahi har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Wata dattijuwa da ke kawo mijinta ce ta cece ni. Kullum da kwarashi da zaren ulu a hannunta, tana saƙa wa jikokinta safa da hula. Ta dube ni ta ce, "'Yata, wayar nan ba za ta rage miki ko minti ɗaya ba. Zo ki riƙe min zaren nan." Na ce, "To, Mama." Daga riƙon zare na koyi kwarashi, daga kwarashi na koma saƙa da kibiya biyu.

Masu wankin ƙoda da yawa suna kukan sanyi in ana cikin yi musu, Umma ma haka. Bargo kuma yana yi mata nauyi a hannun da aka sa allurai. Shi ya sa na fara neman yadda ake saƙa mayafi mara nauyi, mai huda-huda irin na leshi. A nan na gano ashe sana'a ce babba a wasu ƙasashen. A Orenburg ta ƙasar Rasha, mata na saƙa irinsa da lallausan gashin awaki, a tsibiran Shetland na arewacin Sikotlan kuma da ulun tumaki. A duka wuraren biyu ana gwada ƙwarewa da zobe: mayafi guda cur sai ya wuce ta cikin zoben aure saboda tsabar sirantarsa. Nawa dai da zaren kasuwa na yi, ko ta awarwaro da ƙyar ya bi.

Ga yadda abin yake. Duk huda ɗaya da ka gani a jikin mayafin da gangan aka yi ta: ka naɗa zare a kan kibiya, sannan ka haɗe maɗauri biyu su zama ɗaya don kada lissafi ya ƙaru. Dole ka yi ta ƙirge, in ka kuskure ɗaya zanen ya karkace, sai ka warware layin ka sake. Kan da ke ƙirga bakwai, takwas, tara ba shi da sararin ƙirga kwanakin da suka rage wa mahaifiyarsa. Kunne kuma a buɗe yake. A kan saƙar nan Umma ta ba ni labarin bikinta, da na yayata da ta rasu tun ban zo duniya ba, abin da ba ta taɓa faɗa min a gida ba.

Ra'ayina a nan shi ne, mu matasa da jinya ta faɗo wa, mun mai da waya maɓoya, alhali tana ƙara mana ciwo ne. Jikinka na ɗakin, hankalinka na wajen bikin wasu da motar wasu. Mara lafiya kuma yana gani, ba ya dai magana ne. Aikin hannu yana kwantar da kai ba tare da ya ɗauke ka daga gefen gadon ba.

Na san wani zai ce, "Saƙa ce za ta biya kuɗin wanki?" A'a, ba za ta biya ba. Mu ma ta WhatsApp dangi suka haɗa mana kuɗin wata biyu, a YouTube kuma na koyi zanen mayafin. Ban ce a jefar da waya ba. Ka yi abin da ya kai ka, ka mayar da ita jaka. In kuma damuwa ta kai ba ka ci ba ka barci, zare ba zai wadatar ba, ka faɗa wa likita ko wani babba a gida.

Wani kuma zai ce aikin tsofaffi ne, ko na mata. Tom Daley, ɗan Birtaniya da ya ci lambar zinare a gasar Olamfik ta Tokyo a 2021, duniya ta gan shi zaune cikin 'yan kallo yana saƙa. Mu ma a nan, su waye masaƙan fari da saƙi tun kaka da kakanni in ba maza ba? Ɗan'uwa, in kibiya ba ta yi maka ba, ga ɗinkin hula nan.

Ku kuma masu zuwa dubiya, bayan kun yi wa mara lafiya sannu, ku waiwayi mai jinyar. Ku tambaye shi ko ya ci abinci, ku karɓe shi ko na awa biyu ne ya je lakca ko ya runtsa.

Wata huɗu na yi kafin na gama mayafin. Akwai wuri ɗaya da na ɓata ƙirge ranar da jinin Umma ya sauka ana cikin wanki, hankalin kowa ya tashi. Na so in warware, ta hana ni. Shi take yafawa duk Litinin da Alhamis, yanzu kuma na fara wa dattijuwar nan nata.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ba masu jinya haƙuri da lada.