Na'urar Ji: Me Ya Sa Wani Ke Yabawa, Wani Kuma Ya Jefa Ta A Akwati?

 

A gidaje da dama akwai na'urar ji da aka saya da tsada, amma tana kwance a ƙasan akwati. An kawo wa Hajiya, ta sa kwana uku ta cire, ta ce hayaniya take cika mata kai. A wani gidan kuma, irin na'urar ce ta dawo da Baba cikin hirar jikokinsa. Abu uku ne yawanci ke kawo wannan bambanci: gwaji kafin saye, haƙurin sabawa, da komawa asibiti.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 430 ne ke da raunin jin da ke buƙatar kulawa, miliyan 34 daga cikinsu yara. Rahotonta na 2021 ya nuna kashi 17 cikin ɗari kacal na masu buƙatar na'urar ne ke amfani da ita.

Mu fara da gwaji. Idan tsufa ya taɓa kunne, siraran sautuka irin su “s” da “sh” ne ke fara ɓacewa. Shi ya sa tsoho zai ce yana jin murya, amma ba ya gane kalmomin. Na'urar da aka saita bayan gwaji tana ɗaga sautukan da suka ɓace ne. Wadda aka tsinta a kasuwa kuwa, komai take ƙarawa, har ƙarar janareto da kwanuka. Ana yin gwajin a Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, da sashen kunne, hanci da maƙogwaro na asibitocin koyarwa. Wani lokacin ma datti ne kawai ya toshe kunnen.

Sai sabawa. Ƙwaƙwalwar da ta yi shekaru cikin shiru tana buƙatar makonni, wani lokacin watanni, kafin ta sake koyon tace sauti. A farko mutum kan ji muryarsa kamar ba tasa ba. A fara sawa a ɗaki, ana hira da mutum ɗaya, kullum ana ƙara awanni. Kada ranar farko ta zama ranar biki. Masu na'urar sun fi gamsuwa da ita a hirar mutum biyu, sun fi kokawa a cikin taro, domin tana taimaka wa kunne ne, ba ta mayar da shi sabo. Gara a faɗa wa Hajiya haka tun kafin a biya kuɗi.

Na uku, komawa asibiti. Yawancin ƙorafin da muke ji, gyara ne na ɗan lokaci. Idan tana fito, galibi ba ta zauna daidai ba ne, ko datti ya taru, ko hijabi ya matse ta. Idan ta yi shiru, a duba batir da ƙofar sautin. Zufa da ƙurar hunturu abokan gabarta ne, don haka a goge ta da busasshen ƙyalle, a cire ta kafin wanka da alwala, da dare a buɗe gidan batir ya sha iska. Kafin ku saya, ku tambayi inda za ku riƙa samun batirinta, domin mai yarwa kwanaki yake yi, da wuya ya wuce mako biyu.

Ga yara kuwa, jinkiri ya fi tsada, domin da ji ake koyon magana. Shawarar ƙwararru ita ce a gwada jariri cikin wata 1, a tabbatar da matsalar kafin wata 3, a fara taimako kafin wata 6. Duk yaron da ya yi sanƙarau, ƙyanda, shawara mai tsanani bayan haihuwa, ko kunne mai zubar da mugunya, a gwada jinsa. Kunnen yaro na girma, saboda haka robar da ke shiga ciki sai an riƙa canja ta. Ku ɓoye batiran nesa da yara. Idan yaro ya haɗiye, a garzaya asibiti nan take, kada a jira ya fito.

Mu ma ’yan gida muna da rabo a aikin. Ki kira sunansa tukuna, ki fuskance shi, ki rage talabijin, ki yi magana a natse. Ihu murguɗa kalmomi yake yi. A kuma hana yara tsokana, domin kunya kaɗai ta isa ta sa mutum ya cire.

Idan akwai wadda ke kwance a akwatinku, ku ɗauko ta a kai a sake saitawa kafin a yanke mata hukunci. Masu amfani da ita a gidajenku, me suka fi yabawa, me ya fi damunsu? Ku rubuto a ƙasa, wata uwar za ta ƙaru.

Allah Ya ƙara mana lafiya.