Fenti ba ya kashe tsatsa: magana ga masu tsohuwar Peugeot 504

Duk wanda ya yi aikin gwamnatin tarayya kafin shekarar 2003 ya san matsayin Peugeot 504. A da ita ce motar ofis tun zamanin mulkin soja na Janar Obasanjo, kuma a Kaduna aka riƙa harhaɗa ta, a masana'antar PAN da ta fara aiki a 1975. Da aka zo da tsarin mayar da alawus-alawus kuɗi a 2003, gwamnati ta sayar da motoci da dama, wasu suka faɗa hannun ma'aikata. Har yau akwai ragowarsu a Kubwa da Nyanya da Karu, an lulluɓe da tamfol a bayan gida. Injin yawancinsu na iya tashi. Tsatsa ce ke cinye su, kuma a ganina laifin masu su ya fi na masu gyara.

Mai mota kan kai ta Apo saura mako biyu Sallah, ya ce yana son ta fito tana ƙyalli, ga kuma iya abin da zai biya. Mai fanel bita ba shi da zaɓi: sai ya goge saman wurin, ya cike ramin da fila, ya fesa fenti. Bayan damina ɗaya ko biyu, fentin ya fara kumbura kamar ƙuraje. Dalili shi ne tsatsa na riƙe danshi, fila ma haka, kuma a ƙasan ƙofofi da bakin tayoyi daga ciki take fara ci. Abin da ido ya gani a waje ƙarshen ɓarnar ne.

Gyaran gaskiya yana cin lokaci. A kankare wurin har sai farin ƙarfe ya bayyana. Inda ya huje ko ya yi laushi, a yanke, a yi waldar sabon faranti, sannu a hankali, domin wutar kabaid na lanƙwasa siririn ƙarfe. Inda tsatsar ta bar ƙananan ramuka kawai, a shafa sinadarin da ke ɗauke da fosforik asid, wanda ke mayar da ita baƙar fata mai tauri. Sannan fentin ƙasa na efoksi, sai fila ɗan kaɗan don daidaita fuska. Bayan waldar, ta ciki, shi ma yana bukatar fenti da kakin hana danshi. Nan ne aka fi mantawa, kuma nan ciwon ke dawowa.

Rigakafin bai kai haka tsada ba. Ƙurar hunturu na taruwa a bakin tayoyi, ruwan Afrilu ya mayar da ita laka mai kwana a jikin ƙarfe, don haka a riƙa wanke ƙarƙashin mota. A zura waya a buɗe ƙananan ramukan zubar ruwa na gindin ƙofofi. A ɗaga kafet a taɓa, domin tsohuwar robar gilashi na yoyo. A duba mazaunin batir. Shi kuwa tamfol, musamman a kan ciyawa, tururi yake tarawa. Rumfar kwano mai iska a kan daɓen siminti ta fi shi. Ban yarda da fesa baƙin mai ba: yana kama ƙura, yana lalata robobi.

Za a ce albashi bai kai ba. Gaskiya ne, amma an daina ƙera motar nan, kuma inji ya fi sauƙin samu a Panteka fiye da lafiyayyen jiki. Gara a gyara ƙofa ɗaya bana, daɓen ciki baɗi. A raba kuɗin aikin kashi-kashi, kada a biya na fenti sai an ga waldar da ido. Ranar karɓar mota a tafi da ɗan maganaɗisu a bi jikinta: inda ya ƙi kamawa, fila ce aka jibga.