Garin Neman Gira Kada A Rasa Ido: Maganar Sabon Rediyo A Tsohuwar Mota

Takardu biyu sun iso wannan fili a kan magana guda, ɗaya daga wani malamin makaranta a Kabo, ɗaya kuma daga wani akawu a Gwarzo, don haka na ga ya kyautu in haɗa su in ba su amsa tare, ko wani ma ya amfana. Shi malamin ya gaji mota Peugeot 504, wadda muke kira Fijo, daga mahaifinsa. Yana so ya cire tsohon rediyonta ya sa irin na yanzu mai cin filas, amma mai gyaran waya ya ce sai an faɗaɗa ramin, ga shi kuwa ledar da ta rufe gaban motar, watau abin da direbobi ke kira dashbod, duk ta tsattsage. Shi kuwa akawun, aikin gama ya gama. An riga an yanka tasa, tsaga ta tashi daga bakin ramin ta nufi gilashi, yana tambaya ko da sauran magani.

Amsata a taƙaice ita ce, rediyo kayan kasuwa ne, duk ranar da ka shiga Sabon Gari da kuɗinka ka samo shi, amma gaban tsohuwar mota masu ƙera shi sun daɗe da dainawa. Saboda haka rediyo ne zai bi mota, ba mota ce za ta bi rediyo ba.

Bari in tuna mana darajar abin da ke hannunmu. An fara ƙera 504 a Faransa cikin shekara ta 1968, a 1969 kuma aka zaɓe ta motar shekara a Turai. A 1975 ta ci tseren Safari na Gabashin Afirka, a shekarar nan kuma aka buɗe masana'antar Peugeot a Kaduna, inda aka yi wajen shekara 30 ana haɗa ta, alhali a Faransa kanta an daina ƙera ƙirar salun tun 1983. Duk wanda ya san hanyar nan da ta tashi daga Kano ta bi ta Rimin Gado da ƙasar Kabo ta isa Gwarzo ta wuce Dayi, ya san irin fasinja da buhunan hatsin da Fijo ta ɗauka a kanta. Yau ba a haɗa ta ko'ina. Kowane dashbod da aka lalata ya tafi ke nan, sai fa in an yi sa'ar samun na wata da ta mutu a wurin masu sayar da tsofaffin kayan mota, shi ma ɗin rana ɗaya ce ta gasa su.

To, me ke sa ledar nan ta tsage? Gaban motar hawa uku ne. Can ƙasa akwai ƙashi na ƙarfe ko na roba mai tauri, a kansa akwai soso, sa'an nan leda ta rufe. Ita ledar, wadda masana ke kira PVC, asalinta abu ne mai tauri, sai an cuɗa ta da wani irin mai tun a masana'anta kana ta yi laushi. Zafi da hasken rana su ke fitar da man nan sannu a hankali. In kun lura da wani hazo mai maiƙo da kan kwanta a cikin gilashin motar da ta yini a rana, to, har da tururin man nan a cikinsa. A ƙasarmu cikin watan Afrilu zafi yakan kai digiri 40 a inuwa, gaban motar da aka rufe aka bari a rana kuwa yakan haura digiri 70. In an yi shekara 30 ko 40 ana haka, sai leda ta ƙanƙance ta bushe kamar ƙwarya, soson da ke ƙarƙashinta ya zama gari. Ledar da ta kai wannan hali ba ta jure wuƙa ko sukurudireba. Da an taɓa gefenta sai tsaga ta ruga, kamar yadda ta faru ga ɗan'uwanmu na Gwarzo.

Dalilin da ya sa ake son yankan kuwa shi ne bambancin awo. Yawancin rediyon motocin shekarun 1960 da 1970 maɓalli biyu gare su, ɗaya dama ɗaya hagu, kowanne da hudarsa, da 'yar taga a tsakani. Daga baya sai aka bi awon Jamus da ake kira DIN, wanda ya zama awon duniya a 1984, watau faɗi milimita 180, tsayi milimita 50. Masu allo kamar talabijin kuwa tsayinsu ninki biyu ne, milimita 100. Don haka abin farko, malam, ka sa ma'auni ka auna ramin da kanka. In ya kai awon nan, babu abin yankawa. In bai kai ba, ga hanyoyi biyu. Ko dai a rataye sabon rediyon a ƙarƙashin dashbod cikin ɗan akwatin ƙarfe da kowane mai walda zai iya yi, ko kuma a ɓoye shi cikin aljihun gaban mota. Tsohon kuwa a bar shi a mazauninsa ko da ba ya magana, gama shi ne fuskar motar. Mai allon nan babba dai ba na wannan mota ba ne ko kusa.

Yanzu sai maganar sake leda, kuma wannan ita ce amsar akawu. Tsagar da ta riga ta auku ba ta haɗuwa da shafa gam a bakinta, domin leda ce ta ƙanƙance, zafi ɗaya za a yi ta sake buɗewa. Magani shi ne a sake rufe gaban duka. Aiki ne na masu yin kujeru, kuma ya fi kyau a haɗa shi da aikin rediyo rana guda, don kada a cire dashbod sau biyu. Ga yadda ya kamata a bi da shi.

Da fari a cire kan batir na baƙar waya. Kowace waya da za a zare a ɗaura mata 'yar takarda a rubuta inda ta fito, kowane noti a ajiye shi cikin gwangwani. A cire dashbod a hankali da hantsi in gari ya ɗan ɗumama, ba da sanyin asubar hunturu ba, gama sanyi yana ƙara wa leda tauri. Sa'an nan a yanke leɓunan tsagar da suka tashi, a kankare soson da ya ruɓe, a cike gurbin, a goge da samfefa har hannu ya bi bai ji tudu ba. Kada a raina wannan mataki, domin sabuwar leda ba ta rufa asiri, duk ƙurjin da aka bari a ƙasa sai ya fito a sama. In an huda ko an faɗaɗa ramin rediyo fiye da kima, yanzu ne lokacin da za a yanko farantin ƙarfe a ƙarfafa bakinsa ta baya.

Bayan haka a shimfiɗa soso marar kauri, kamar milimita 3, kana a kawo leda. A zaɓi mai miƙuwa ta kowace fuska, mai yadi a bayanta, baƙa ko mai duhu, marar ƙyalli. Wannan ba maganar ado ba ce. Leda mai ƙyalli ko mai haske takan jefa hotonta a gilashi, direban da ya taso daga Kano da la'asar ya fuskanci yamma zuwa Gwarzo, rana na cikin idonsa, ba ya bukatar ƙarin abin da zai kashe masa gani. Gam kuwa a nemi mai jure zafi. A shafa a fuska biyu, a dakata kamar minti 10 har ya daina kama yatsa, sa'an nan a fara mannawa daga tsakiya ana bi zuwa gefe, ana ɗan ɗumama ledar a rana don ta bi kwana. Kada a ja ta da ƙarfi fiye da kima, gama abin da aka ja da tsiya da tsiya zai koma. A bar rarar yatsa biyu a naɗe ta baya. Ramuka su ne na ƙarshe. A tsaga kowanne daga kusurwa zuwa kusurwa, a lanƙwasa leɓunan ciki a manne, har da ƙofofin iskar da ke busa gilashi, kada a toshe su. Gam ɗin nan yana kama wuta, warinsa kuma yana juya kai, don haka a yi aikin a fili, ba taba, ba murhu kusa. In an gama a bar shi kwana ɗaya a inuwa kafin a mayar.

Wani zai ce, ga dukawanmu na Kano, ga fatar jan akuya wadda tun zamanin ayari aka san ta har Turai da sunan fatar Maroko, me zai hana a rufe da ita? Ni ma ina ganin ƙimarta, amma fata tana ƙanƙancewa a ƙarƙashin gilashi mai zafi, ga shi kuma ta akuya ɗaya ba ta isa faɗin gaban mota sai da ɗinki. A kai ta ga sitiyari da kujeru, can za ta daɗe. Haka kuma duk bayanin nan na tsofaffin motoci ne. Motar zamani mai jakar iska a gaban fasinja ba a manna kome a kan murfin jakar, domin rai ne a wurin.

Saura waya, inda hatsarin gobara yake. A rediyon yanzu bisa al'ada ruwan ɗorawa ita ce mai zuwa batir kullum, ja ta bi makulli, baƙa ta kama jikin mota. Lalle ne a sa fiyus kusa da inda aka ɗebo wuta, kada a yarda a maye gurbinsa da zaren waya ko takardar sigari. A tsofaffin motoci sau da yawa waya ɗaya ta sifika jikin mota take kamawa, sabon rediyo kuwa in aka yi masa haka yana iya ƙonewa, sai a ja wa kowace sifika wayoyinta biyu. Kafin ka biya kuɗi kuma ka murɗa ka ga iyakar lambarsa. Tsofaffin rediyon da aka yi don kasuwar Japan suna tsayawa a 90, ba za su kamo tasha irin Freedom Radio ta Kano da ke kan 99.5 ba, alhali namu yana kaiwa 108. Yawancin na yanzu kuma ba su da gajeren zango, mai son sa sai ya tambaya tun a kanti.

In an gama duka, tsaron abin ba shi da tsada. Tsumma mai laima da ɗan sabulu ya isa. Kada a shafa man birki ko baƙin mai don neman ƙyalli, gama man birki har fenti yake ci. A ajiye mota a gindin darbejiya, in ba inuwa a shimfiɗa tawul a kan dashbod. Tsohon rediyo da maɓallansa, in har an cire su, a naɗe a ajiye a ɗaka, domin wanda zai gaji motar ko ya saya wata rana zai tambaye su, kuma mota mai cikakkun kayanta na asali ta fi yankakkiya kuɗi.

Ina roƙon masu gyaran waya da masu kujeru na Gwarzo da Kabo da kewaye, waɗanda suka fi mu sanin aikin hannu, su riƙa gaya wa mai mota gaskiya kafin su ɗauki zarto, ko da hanya mai tsawo ce. Wanda kuma yake da wata dabara da ta fi wadda na kawo, ya rubuto, filin nan namu ne duka.