Lakar tafkunan Ruwenzori da asirin narkewar ƙanƙarar Afirka

An daɗe ana kai ruwa rana tsakanin masana kimiyya a game da musabbabin narkewar ƙanƙarar da ke kan tsaunukan Ruwenzori, a iyakar Yuganda da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango. Wasu na ɗora laifin a kan ƙarancin ruwan sama tun ƙarshen ƙarni na 19, wasu kuwa a kan ƙaruwar zafi.

Ba a fara tsara taswirar ƙanƙarar ba sai a shekarar 1906, lokacin da wani basarake ɗan ƙasar Italiya ya jagoranci ayarin masu bincike zuwa yankin. A wancan lokacin faɗinta ya kai murabba'in kilomita 6.5, amma zuwa shekarar 2003 bai wuce kimanin murabba'in kilomita ɗaya ba.

Domin gano abin da ya wakana kafin zuwan Turawa, masana sun koma ga lakar da ke kwance a ƙarƙashin tafkunan tsaunukan. Ita ƙanƙara, a yayin da take gangarawa sannu a hankali, niƙe dutse take yi ya zama gari, ruwa kuma ya kwashe shi zuwa tafki inda zai kwanta shekara bisa shekara. Idan garin dutsen ya yi yawa, alama ce ta bunƙasar ƙanƙara, idan ya ragu kuwa to ta ja da baya. Akan kafa dogon bututu a ciro lakar, sannan a auna shekarun kowane sashe.

Binciken da James Russell na jami'ar Brown da ke Amurka da takwarorinsa suka wallafa a shekarar 2009 ya nunar da cewa ƙanƙarar ta shafe ɗaruruwan shekaru da girmanta a zamanin da yankin ke fama da fari, kana ta fara narkewa tun wajejen shekarar 1870, a daidai lokacin da ake samun ruwa isasshe. Wannan ya raunana hujjar masu danganta matsalar da ƙarancin ruwan sama kaɗai.

Bambancin na da muhimmanci ga makomar tsaunukan. In fari ne musabbabi, dawowar damina mai albarka na iya farfaɗo da ƙanƙarar, amma in zafi ne, babu wannan fata muddin duniya na ci gaba da ɗumama. A shekarar 2022 hukumar UNESCO ta yi hasashen cewa nan da shekarar 2050 ƙanƙarar da ta rage a wuraren tarihin duniya na Afirka, har da ta Kilimanjaro da tsaunin Kenya, za ta ɓace baki ɗaya.