Ginin naka ne, amma ƙasar fa? Mutanen zango su duba wa'adin takardunsu

A Nima da Maamobi, in ka tambayi mutum gidan wa ne wannan, sai ya ce na kakansa ne, a nan aka haifi mahaifinsa. Gaskiyarsa. To amma a dokar Gana, yawancin gidajen Akra suna zaune ne a kan lis, wato hayar ƙasa mai wa'adi, galibi shekara 99 ga ɗan ƙasa, shekara 50 ga baƙo. Ranar da wa'adin ya cika ba a sabunta ba, ƙasa da ginin da ke kanta suna iya komawa hannun mai ƙasar.

Maganar ta matso kusa. A farkon shekarun 1930 ne Malam Futa ya samu wurin da ya zama Nima daga dangin Odoi Kwao na Osu. Duk takardar shekara 99 da aka sa wa hannu a wancan zamani, a shekarun 2030 za ta ƙare. Ta shekara 50 da aka yi a 1980 kuwa, 2030 ce ƙarshenta.

Akwai kuma wanda ya riga ya wuce, mutane da yawa ba su lura ba. Sashe na 266 na tsarin mulkin 1992 ya ce duk wanda ba ɗan Gana ba ne kuma yana da ƙasa mallakin har abada, ko lis da ya haura shekara 50, a ranar 22 ga Agusta, 1969, to haƙƙinsa ya koma na shekara 50 daga wannan rana. Lissafi mai sauƙi ne: wa'adin ya cika a Agustan 2019. A Nuwamban 1969 ɗin ne gwamnatin Busia ta kori baƙi marasa takardu, gidaje da dama suka canza hannu cikin gaggawa. Iyalin da takardarsu ke ɗauke da sunan kakan da ya rasu yana ɗan Najeriya ko Nijar, ko da jikokin 'yan Gana ne haifaffu, ya kamata su nemi lauya ya faɗa musu inda suke tsaye.

Dokar Filaye ta 2020, mai lamba 1036, ta kawo sauƙi, amma ba daidai ga kowa ba. A sashe na 50, ɗan asalin yankin da aka ba shi fili ya gina, sabuntawa haƙƙinsa ce kai tsaye. Ɗan Gana da ba ɗan asalin yankin ba, yana da damar sabuntawa sai in takardarsa ta faɗi akasin haka, amma sai an zauna an daidaita sharuɗɗa. Wanda ba ɗan ƙasa ba, babu sabuntawa sai in an rubuta ta ƙarara a takarda. Mafi yawan mutanen zango a rukuni na biyu suke, kuma nan ne gizo ke saƙar: doka ta ce a daidaita, ba ta yanka farashi ba. Ƙasar Nima kuwa yau zinariya ce, ga Kanda a gefe, ga unguwar masu kuɗi ta Airport, ga fadar shugaban ƙasa ba nisa. Mai ƙasa ya san haka sarai.

Masu sayen fulat a benaye su ma su buɗe ido. Abin da ake sayar maka ragowar shekarun lis ɗin mai ginin ne. In nasa saura shekara 30, naka ba zai kai 31 ba, komai kyan tayil da fenti. Banki ma yana ja da baya ga ba da bashi a kan gidan da wa'adinsa ya yi gajere, farashinsa kuma yana faɗuwa. A Ingila, dokar 1993 ta ba mai fulat ikon ƙarin shekara 90 bisa lissafin da doka ta tsara, in an kasa jituwa a je kotu ta yanke. Irin wannan ma'auni ne babu a nan.

Don haka muna kira ga Hukumar Filaye da Ma'aikatar Filaye su fitar da ƙa'ida bayyananniya ta lissafin kuɗin sabuntawa, wadda za ta cire darajar ginin da mai haya ya yi da guminsa. Ba adalci ba ne mutum ya sake sayen abin da ubansa ya gina. Majalisun Ayawaso ta Gabas da Ayawaso ta Arewa, tare da Asusun Raya Zango da aka kafa da dokar 2017, su shirya zaman lauyoyi kyauta a unguwanni. Kwalbati da fitilun titi suna da amfani, amma me za su tsinana wa wanda aka fitar daga gida?

Sarakunan zango da limamai su ɗauki maganar zuwa huɗuba da wuraren suna da ɗaurin aure. Su kuma zauna da dangogin Ga masu ƙasa a yi ciniki a jam'iyyance, domin mai shiga shi kaɗai, shi ake matsewa.

Kai kuma maigida, ko uwargida mai riƙe da akwatin takardu, ciro indencar nan yau. Duba ranar farawa da yawan shekaru da sunan da ke kai. Je Hukumar Filaye a Cantonments ka yi binciken fayil. Biya kuɗin ƙasa na shekara da ake binka, ka adana rasit. In gida na gado ne, magada su haɗa kai su kammala takardun gado, su wakilta mutum ɗaya. Wanda ya je da sauran shekara goma a hannu ciniki zai yi. Wanda ya bari wa'adi ya cika, roƙo zai yi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.