NAZARI: Shin masu tsaron raga na iya daƙile yaudarar bugun daga kai sai gola a ƙwallon gorar ƙanƙara?

Tun kakar 2005/2006 da gasar NHL ta Amurka da Kanada ta soke kunnen doki, duk wasan da aka kasa raba gardamarsa bayan ƙarin lokaci ana ƙarasa shi ne da bugun daga kai sai mai tsaron raga. Faifan bidiyon ƙwallayen da ake ci da yaudara su ne ke yawo a shafukan sada zumunta, har mai kallo ya ɗauka gola ba shi da katabus. Alƙaluman gasar sun nuna akasin haka: kusan ɗaya cikin uku na bugun ne kawai ke shiga raga, alhali a fenaretin ƙwallon ƙafa ana cin kusan uku cikin huɗu.

Dalili na farko shi ne girman ragar. Faɗinta ƙafa 6 ne, tsayinta ƙafa 4, kuma gola sanye da kayan kariya na iya toshe mafi yawanta idan ya durƙusa ya baza ƙafafunsa. Doka ma tana taimakonsa. Ɗan wasa yana taso wa ne daga tsakiyar fili da faifan robar da ke matsayin ƙwallo, dole faifan ya ci gaba da tafiya wajen raga, kuma dama ɗaya gare shi. Da zarar ya taɓa faifan, gola na da ikon fitowa ya rage masa fili, ko ya zunguri faifan da sandarsa.

Saboda haka duk wata yaudara manufarta guda ce: a sa gola ya riga motsawa. Haka Peter Forsberg na Suwidin ya yi wa Corey Hirsch na Kanada a wasan ƙarshe na Olamfik ɗin Lillehammer a 1994. Ya karkata gefe guda har Hirsch ya bi shi, sannan ya miƙa hannu ɗaya ya silala faifan ta ɗaya gefen. Suwidin ta buga hoton a kan sarkin wasiƙa. Sai dai abin da ya tabbatar mata da zinaren shi ne tare bugun Paul Kariya da golanta Tommy Salo ya yi nan take bayan haka.

Shekara 4 bayan nan, a Nagano, Dominik Hasek na Jamhuriyar Cek ya fuskanci 'yan wasan Kanada 5 a wasan kusa da na ƙarshe, babu wanda ya zura masa. A Pyeongchang a 2018, Jocelyne Lamoureux-Davidson ta yaudari golar Kanada Shannon Szabados, amma sai da Maddie Rooney, mai shekara 20, ta tare bugun Meghan Agosta kafin matan Amurka su ɗauki zinare. Makamin gola shi ne haƙuri, tare da nazarin bidiyon ɗabi'un kowane mai bugu kafin wasa.

Wannan ba ya nufin nazari kan wadatar kullum. A Sochi a 2014, dokar ƙasa da ƙasa ta bai wa Amurka damar maimaita T.J. Oshie, ya fuskanci Sergei Bobrovsky na Rasha sau 6, ya ci 4. Gwanin da ke da dabaru da yawa, kuma yake sauya saurinsa, yakan rikita lissafin gola komai ƙwarewarsa.

Inda dabara ta wuce gona da iri kuwa, hukuma kan sa baki. Daga kakar 2014/2015 NHL ta haramta juyin da ɗan wasa ke yi kamar katantanwa a gaban raga, bayan doguwar taƙaddama kan ko faifan na ci gaba da tafiya gaba yayin juyin.

Tambayar da ta rage ita ce ko ya dace makomar ƙungiya ta rataya a kan wannan gwaji. A ranar ƙarshe ta kakar 2009/2010, Philadelphia Flyers ta samu gurbin wasannin sili-ɗaya-ƙwale ne bayan Brian Boucher ya tare bugun Olli Jokinen na New York Rangers. Rangers ta koma gida, Flyers ta kai wasan ƙarshe na Kofin Stanley. Daga kakar da ta biyo baya, gasar ta daina ƙirga nasarar irin wannan bugu wajen raba ƙungiyoyin da makinsu ya zo ɗaya, kuma a 2015 ta mayar da ƙarin lokaci na mutum uku-uku domin rage yawansa. A wasannin neman Kofin Stanley ba a yin sa ko kaɗan. Ana ci gaba da fafatawa har sai an ci.

Masu tsaron raga dai sun riga sun ba da amsarsu a fili. Hukumomin wasan ne har yanzu ke ɗari-ɗari da tsarin da suka ƙirƙira da kansu.